Kafin Ki Rubuta Sunanki a Ƙungiyar Ɗalibai

Karatu: Daniyel 1:1-21, Ayyukan Manzanni 9:36-42
Ayar haddacewa: Karin Magana 13:20

Darasin wannan mako naki ne, ke da sunanki ya fito aka ba ki gurbin karatu a makarantar gaba da sakandare. Muna gode wa Allah tare da ke. A wannan ƙasa tamu ta Batsari da Safana, inda makarantun ƙauye suka sha zama a rufe saboda 'yan bindiga, a ce yarinya ta gama sakandare har ta ci jarrabawar JAMB, ba ƙaramin abu ba ne. Iyaye da samari, kada ku rufe littafin ku ce ba da ku ake ba. Akwai rabonku a ciki.

Ki ɗauka yau ce ranar tafiya. Kin tashi daga Karare da akwati ɗaya, da ɗan buhun gari, da ƙuli-ƙuli, da yajin da mama ta daka miki. Kin sauka a Dutsin-Ma, a Jami'ar Tarayya wadda aka kafa a 2011, ko a Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita. Ko kuwa kin wuce Katsina, Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua ko Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ko ma har Zariya. Makon farko duk layi ne da cika takardu. Sai dare ya yi, ki kwanta a ɗakin da ba ki san kowa ba, sa'an nan kaɗaici ya zo. Naki kaɗaicin ma riɓi biyu ne. Masu bi da suka zo daga kudu za su ji Hausa a bakinki su ɗauka ke ba tasu ba ce. 'Yan garinku kuma, da kuke cin tuwo iri ɗaya, sai su ga ranar Lahadi kin ɗauki Littafi Mai Tsarki kin nufi sujada, su yi mamaki. A daidai wannan lokaci ne ƙungiyoyi za su fara miƙo miki takarda da murmushi. Mai jin ƙishirwa kuwa ba ya tsayawa duba ruwa.

Neman ƙungiya ba zunubi ba ne. Allah da kansa ya ga bai kyautu mutum ya zauna shi kaɗai ba tun a gonar Adnin. Ko'ina a duniya ɗalibai mata sukan haɗa kansu. A Amurka akwai ƙungiyoyin 'yanmatan jami'a da ake raɗa wa suna da haruffan Helenanci, waɗanda membobinsu ke kiran juna 'yan'uwa har tsufa. A 1908 ɗalibai mata baƙar fata na Jami'ar Howard a birnin Washington suka kafa Alpha Kappa Alpha. A 1913 waɗansu 22 a wannan jami'a suka kafa Delta Sigma Theta, kuma a shekarar suka shiga jerin gwanon neman a ba mata 'yancin jefa ƙuri'a. Da yawa daga cikin irin waɗannan ƙungiyoyi suna da aikin jinƙai guda da suka riƙe. Akwai wadda ta sa gaba a yaƙi da ciwon dajin nono. Amma a can ma an sha kuka da wulaƙancin da ake yi wa sababbin shiga, da shan giya, da tsadar kuɗin zama memba. Yarinya a can takan yi kwanaki tana ziyartar ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya kafin ta zaɓa. Wannan ɗabi'a ta dubawa kafin a zaɓa ita nake so ki ara.

A nan gida abin da za ki tarar daban ne. Akwai Zumuntar Ɗalibai Kirista, wato FCS, wadda ta fara a Gindiri a 1957, wataƙila ma kin san ta tun a sakandare. Akwai NIFES, wadda aka kafa a 1968. Akwai zumuntar ɗalibai ta ikkilisiyoyi dabam-dabam. Akwai ƙungiyar sashen da kike karatu, da ta ɗaliban jiha, da ta ƙaramar hukuma, da Red Cross. Maƙwabtanmu Musulmi suna da tasu, MSS, tun 1954. Duk waɗannan a fili suke. Sai kuma waɗanda ba su da allo, ba su da ofis, ba sa raba takarda da rana.

Bari in ɗan tsaya a kan waɗannan na ƙarshe, domin tarihinsu yana da abin koya mana. A 1952 ɗalibai bakwai a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, cikinsu har da Wole Soyinka, suka kafa ƙungiyar Pyrates. Abin da suka ce suna yaƙi da shi shi ne ƙabilanci da girman kan 'ya'yan masu hali. Manufa ce da ba wanda zai kushe. Amma daga shekarun 1970 aka yi ta ɓallewa ana kafa sababbin ƙungiyoyi, kowace da rantsuwarta da alamarta, har aka wayi gari makamai sun shiga makarantu. Ranar 10 ga Yuli 1999, da tsakar dare, 'yan ƙungiyar asiri suka afka wa masaukin ɗalibai a Jami'ar Obafemi Awolowo ta Ile-Ife, suka kashe ɗalibai biyar. Kada ki ce ai wannan sha'anin maza ne. Akwai na mata, ɗaya ma ba ta ɓoye halinta ba, ta raɗa wa kanta sunan 'ya'yan Yezebel. Kada kuma ki ce sha'anin kudu ne kawai. Abin lura shi ne, ba wata ƙungiyar asiri da ke zuwa ta ce miki ni ƙungiyar asiri ce. Cewa za ta yi: za mu kare ki, ba malamin da zai taɓa ki, ba za ki rasa kuɗin sabulu ba. Ga yarinyar da ta taso tana jin harbi daga Dajin Rugu, kalmar kariya tana da daɗin ji ƙwarai. Shi ya sa nake jin tsoro dominki fiye da yadda nake ji domin 'yar birni.

Daniyel ma ɗalibi ne a baƙuwar ƙasa. An kwashe shi daga Yahuza zuwa Babila, aka sa shi a makarantar fada ta shekara uku, aka canza masa suna, aka ce ga harshen da zai koya, ga abincin da zai ci. Ki lura da abubuwan da ya yarda da su. Ya yi karatun, har ya fi kowa. Bai yi rigima a kan sunan da suka laƙaba masa ba. Amma da aka zo ga abin da zai ƙazantar da shi, sai ya tsaya. Littafin ya nuna mana tun a zuciyarsa ya riga ya yanke shawara, kafin ya buɗe baki ya yi wa sarkin fada magana. Bai jira sai an ajiye akushi a gabansa, ƙamshi yana dukan hancinsa, sa'an nan ya fara tunani ba. Ke ma, abin da ba za ki yi ba, ki yanke shi tun kina Karare.

Kuma ba shi kaɗai ba ne. Yana da Hananiya da Mishayel da Azariya. Su huɗu suka ci ganye da ruwa kwana goma. Da sarki Nebukadnezzar ya ba da umarni a hallaka masu hikima saboda mafarkinsa, a sura ta biyu, Daniyel gida ya koma ya faɗa wa abokansa, suka roƙi jinƙan Allah tare. Ga ƙungiyar ɗalibai ta farko da ya kamata ki yi koyi da ita: mutum huɗu, ba anko, ba kuɗin shiga.

Wace irin ƙawa?

Hausawa sun ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ƙungiya ba sunanta ba ce, ba kuma rigarta ba. Mutanen cikinta ne. Nan da shekara huɗu za ki yi kama da su, a magana, a sutura, a abin da ke ba ki dariya. Saboda haka kada ki dubi shugabar da ke riƙe da makirufo kawai. Ki dubi 'yan aji uku da aji huɗu, ki tambayi kanki ko kina so ki zama kamarsu.

A 2 Sama'ila 13 akwai wani aboki mai suna Yonadab. Ɗan'uwan Amnon ne, ɗan wan Dauda, mutum mai wayo. Ya lura Amnon yana ramewa, ya tambaye shi abin da ke damunsa. Ka ga aboki mai kula! Amma da ya ji damuwar mugun sha'awa ce, maimakon ya tsawata masa, sai ya tsara masa dabarar da ya lalata Tamar da ita. Bayan shekara biyu Absalom ya sa aka kashe Amnon. Da labari ya iso fada a rikice, wa ya tashi ya yi wa Dauda bayani cewa Amnon kaɗai ne ya mutu, kuma Absalom ya ƙulla abin tun ranar da aka ci mutuncin ƙanwarsa? Yonadab. Ashe ya sani, bai kuwa gargaɗi abokinsa ba. Ya ba da shawara, wani ya mutu, shi yana nan a fada yana sharhi. Irin Yonadab suna nan a ɗakunan kwanan 'yanmata. Ita ce za ta fara lura ba ki da man shafawa. Ita ce kuma za ta ce akwai wani mai mota da ke tambayarki.

Ki gwada ƙawa da abu ƙarami. Ki ce mata a'a sau ɗaya, ki ga yadda fuskarta za ta koma. Ki saurari yadda take maganar wadda ba ta nan, domin haka za ta yi taki. Ki lura ko tana jin kunyar a gan ta da ke ranar da kika sa tsohuwar atamfa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare. A makaranta kuwa miya takan ƙare kusa da jarrabawa, lokacin da gari ya ƙare a buhu, kuɗi bai zo daga gida ba.

Akwai kuma wani abu da halin da muke ciki ya ƙara mana. A watan Oktoba 2023 'yan bindiga suka shiga gidan da waɗansu ɗalibai mata na jami'ar Dutsin-Ma suke haya a cikin gari, da dare, suka tafi da biyar. A irin wannan ƙasa, ƙawa ta gari ita ce wadda ta san inda kika je, ta san lokacin da ya kamata ki dawo, tana da lambar wayar mahaifiyarki. Ƙungiyar da za ta ce ki fito da tsakar dare zuwa wani wuri a bayan makaranta, ko da sunan addu'ar dare ne, ba ta damu da ranki ba. Muna son addu'ar dare, mun kuma ga ikon Allah a cikinta. Amma a yi ta a inda hukumar makaranta ta sani, a kwana a wurin har gari ya waye.

Me suka tsaya a kai?

Tambaya ta farko mai sauƙi ce: suna da rajista a ofishin kula da harkokin ɗalibai? Wane malami ne uban ƙungiyar? Za ki iya karanta tsarin mulkinsu kafin ki shiga? In aka ce sai kin shiga za ki sani, ki ɗauki jakarki. Ubangijinmu Yesu, da babban firist ya tuhume shi a Yahaya 18, amsarsa ita ce a fili ya yi koyarwarsa, a majami'u da Haikali inda kowa ke taruwa. In Mai Ceto bai ɓoye koyarwarsa ba, me 'yanmata goma sha biyu suke da shi da ba za a iya faɗa wa mahaifiyarki ba? Duk inda aka ce ki rantse, ko ki tsaga jiki, ko ki sha wani abu, ko ki yi alkawarin ba za ki taɓa fita ba, wannan bagade ne, ba ƙungiya ba. Ke kuwa an riga an saye ki da jini, ba ki da wani jinin da za ki ƙulla alkawari da shi. Ban da haka, ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai za ki yi alkawarin ba za ki shiga ƙungiyar asiri ba, kuma hukuncin wanda aka kama kora ce.

Yanzu bari in taɓa namu, domin kada mu share ƙofar wani mu bar tamu. Ba duk taron da ake ɗaga hannu ana magana da harsuna ne lafiyayye ba. Manzo Yahaya ya umarce mu mu gwada ruhohi, mutanen Biriya kuma an yabe su domin sun riƙa bincika Littattafai kullum su ga ko abin da Bulus ya faɗa haka yake. Bulus fa! Balle ɗan aji uku da ya fara wa'azi bara. Na san wata yarinya da na koyar a makarantar Lahadi, mai ƙwazo, mai son Ubangiji. Ta shiga wata ƙaramar zumunta a makarantarsu, inda shugaban yake ganin wahayi a kan kowa. Taro kullum, azumi bisa azumi. Aka ce mata karatu da yawa rashin bangaskiya ne. Aka ce mata iyayenta ba su da wuta, kada ta riƙa faɗa musu abin da ake yi. Ta faɗi jarrabawa har aka sallame ta, kuma ta ɗauki shekaru kafin ta sake yarda ta shiga sujada. Laifina a ciki shi ne, da ta zo hutu na ga ta rame, na tambaye ta ko tana zuwa zumunta, ta ce i, sai na ce madalla, ban ƙara tambaya ba.

Saboda haka ki tambaya. Shugabannin suna ƙarƙashin wa? Akwai wanda zai iya tsawata musu? Ana zaɓe, ana sauka, ko mutum ɗaya ne ya gama makaranta amma ya ƙi sakin kujera? Ana rage taro lokacin jarrabawa? Ana buɗe Littafi a karanta sura, ko kullum mafarkin shugaba ne abin wa'azi? In ɗan'uwa ya ce Ubangiji ya nuna masa ke ce matarsa, ki ce masa ya yi haƙuri, Ubangijin ya san hanyar gidanku.

Ba na cewa ki guji duk ƙungiyar da ba ta masu bi ba ce. Daniyel ya yi aiki a fadar Babila. Ki shiga ƙungiyar sashenku, ki zauna da 'yan Batsari a taron 'yan gida. Ranar da hanya ta yi tsanani, da su za ki shiga mota ɗaya. Ki zama mai gaskiya a cikinsu, su san ke wace ce tun ranar farko. Amma inda za ki zuba zuciyarki, ki faɗi asirinki, ki nemi shawarar aure, wannan wuri ɗaya ne, ki zaɓe shi da addu'a.

Ina hannunsu yake kaiwa?

A Yafa akwai wata almajira, Tabita, wadda ake kira Dokas. Ba a rubuta mana wa'azinta ko ɗaya ba. Da ta mutu aka aika Lidda aka kira Bitrus, gwauraye suka kewaye shi suna kuka, suna nuna masa riguna da tufafin da ta ɗinka tun tana tare da su. Shaidarta a hannunsu take. Ga ma'aunin da za ki auna aikin jinƙan kowace ƙungiya: in ta mutu yau, wa zai yi kuka, me kuma zai nuna?

Kowace ƙungiya za ta ce miki tana taimakon marayu. Ki duba da kyau. Akwai masu sayen anko na dubbai, su ɗauki katan biyu na taliya zuwa gidan marayu, su yi awa ɗaya suna ɗaukar hoto domin Facebook, ba su san sunan yaro ko ɗaya ba. Ubangiji ya riga ya yi maganar masu busa ƙaho a Matiyu 6. Ke kin fi su sanin abin da ake kira bukata. Kin tuna Fabrairu 2020, lokacin da aka kashe mutum 30 a Tsauwa da Dankar. Kin ga mata da goyo sun kwana a makarantun firamare a Batsari. Kin san gonakin da aka bari ba a nome ba. Waɗansu daga cikin matan nan suna nan a Katsina da Dutsin-Ma, suna bara a bakin titi, kusa da makarantar da za ki shiga. Kusan dukansu ba masu bi ba ne, yunwa kuma ba ta tambayar addini. Zumuntar da ta san hanyar asibiti da gidan yari, wadda ke koya wa yaran 'yan gudun hijira karatu ranar Asabar, wadda ke haɗa kuɗi a asirce ta biya wa memba kuɗin rajista ba tare da an sanar a taro ba, wannan ta san Dokas. In kin tarar suna da zuciya amma ba su san inda bukatar take ba, wataƙila domin wannan ne Allah ya kai ki. Kina jin Hausar matan nan, su ba sa ji.

Ki kuma tambayi lissafi, ba rashin ruhaniya ba ne. Bulus da kansa, da ya tara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba. Ya nemi ikkilisiyoyi su zaɓi mutanen da za su raka shi, domin kada a sami abin zargi. Ƙungiyar da ke karɓar kuɗi kowane wata amma ba ta taɓa karanta rahoton ma'aji ba, da sauranta.

Kada ki yi gaggawa. Ki ba kanki wata ɗaya ko biyu kina ziyarta, kina zama a baya, kina kallo. Ƙungiyar kirki ba za ta ji haushi ba. In kuwa kina karanta wannan alhali kin riga kin shiga inda bai kamata ba, har kin yi rantsuwa, kada ki bar tsoro ya rufe miki baki. Ba alkawarin duhu da ya fi jinin Yesu ƙarfi. Amma kada ki yi ƙoƙarin fita ke kaɗai a ɓoye. Ki faɗa wa fastonki da iyayenki, a yi miki addu'a, a kuma san matakin da za a ɗauka tare da hukumar makaranta domin lafiyarki.

Ku iyaye, in 'yarku ta kira, kada tambayarku ta tsaya a kan ko garin ya ƙare. Ku tambayi sunan zumuntarta, da sunan ƙawarta, ku karɓi lambar wayar ƙawar. In ta zo hutu ku ce ta zo da ita ta ci tuwon gidanku. Zumuntar Mata, ku ma kuna da 'ya'ya da suka riga suka yi shekara biyu ko uku a waɗannan makarantu. Ku haɗa su da masu tafiya yanzu. Duk mai ɗa ko 'ya da za su tafi makaranta a wannan zango, ya ba magatakardan ikkilisiya sunansu da sunan makarantar kafin ranar Lahadi, domin a ɗora musu hannu a sujadar safe, a kuma rubuta wa kowannensu wasiƙar da zai kai wa faston garin da zai zauna.